Karyar Kufai da Igiyar da Ba a Kwance Ba

Ku 'yan zumuntar matasa, ba ku da kunya, ba ku da tsoron Allah. Na faɗa, ba kuwa zan janye ba. Ku kife wayoyin nan a kan benci, ku ɗago kai. Filimon, da kai nake. Ke ma Damaris, daina sunkuyar da kai kamar ba ke kika fi kowa dariya ba.

Abin da kuka yi wa Habila ranar Lahadin da ta wuce, ko a gidan giya ba a yi wa mutum. Ga wanda bai sani ba, bari in faɗa. Habila ya bar ƙofar majami'ar nan tun kuna goye a bayan iyayenku, tun ranar da aka yi masa ihun ɓarawo a kan wata akuya, aka yi masa duka a gaban jama'a, daga baya aka tsinci akuyar a cikin tsohuwar rijiya. Ba wanda ya je ya ba shi haƙuri. Ya koma shan burkutu, ya koma gudun mutane. Dattijonmu Baba Yunana ne kaɗai bai gaji da shi ba. Yau ya gaishe shi daga nesa, gobe ya aika masa da tuwo, bai taɓa ce masa zo sujada ba. Da haka har Habila ya fara zama a gindin dalbejiya yana jin waƙa ta taga. Da haka har ya shigo ya zauna a bencin baya, dab da ƙofa, don in abu ya ɓaci ya fita da sauri.

Sai ga ku. Kun ga Baba Yunana ya tafi jana'iza wani gari, kuka je kuka raɗa wa Habila cewa tsohon ne ya bar saƙo, wai ya fito gaba a yi masa addu'a. Ya yarda, don sunan Baba Yunana kuka kira. Ya fito gaba. Kuka danna masa makirfo a baki, kuka ce ya faɗi zunubansa ɗaya bayan ɗaya, kuna ɗaukarsa a waya, kuna ƙyalƙyala dariya. Wai kuna so matasan wasu garuruwa su ga kun kamo rai. Kamu! Mutum zomo ne?

Shekaranjiya Habila ya hango Baba Yunana a hanyar kasuwa, ya ratsa cikin gonar mutane don kada su haɗu. Tsohon ya dawo gida, abinci ya gagare shi.

To, ku kasa kunne. Misali zan ba ku, ba tatsuniya ba, kada in ji wani ya yi mini tari.

Akwai wani tsohon manomi da yake da gona a gindin dutse, can nesa da gari, a ƙetaren rafi. A gefen gonar akwai kufai, inda mutane suka taɓa zama suka tashi, ba abin da ya rage sai rusassun ɗakuna da wata tsamiya. Matar tsohon ta daɗe da rasuwa. Ɗa guda gare shi, saurayi ƙaƙƙarfa, mai son farauta, mai son a yabe shi a dandali. Idanun tsohon kuwa sun fara yin yana, yana gani dishi-dishi. Yana ganin mutum, yana ganin itace, amma ƙananan abubuwa a ƙasa sun fara ɓace masa.

Wata rana da bazara, yana sharar gona, sai ya ji motsi a cikin kufan. Ya matsa, ya ga wata karya, macen kare, kwance a inuwar rusasshen bango. Ta rame har ana ganin haƙarƙarinta. Ƙazuwa ta cinye mata gashin baya, kaska ta cika mata kunnuwa, ga tabon jifa a kwatangwalo. Da ta gan shi ba ta yi haushi ba, ba ta yi gurnani ba. Ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, fitsari ya kubce mata, ta ja jiki ta shige cikin duwatsu.

Tsohon ya tsaya ya daɗe. Sa'an nan ya ce, “Wannan hannun mutane ne ya mai da ta haka.”

Kashegari ya kankare ƙanzon tukunya, ya zuba a wani tsohon kasko. Ɗansa ya gan shi.

“Baba, ina za ka da ƙanzo? Ga kaji nan suna kallonka.”

“Kaji suna da mai gida. Baƙuwa na yi a gona.”

“Wace baƙuwa?”

“Karya ce, a kufai.”

Ɗan ya fashe da dariya. “Karen daji? Ba ni igiya, Baba. Kafin ka gama tattara kara na jawo maka ita har ƙofar gida.”

Tsohon ya ce, “Gangar jikinta za ka jawo. Ni ba gangar jikinta nake nema ba.”

Ku ji yadda tsohon nan yake yi, don a nan maganar take. In ya iso bakin gona, sai ya jingine sandarsa a jikin itace, ko da yake gwiwarsa tana ciwo, gama ya lura da ta ga sanda sai ta gudu. In zai ajiye kaskon, ba ya sunkuyawa. Kun san karen da ya sha jifa, da ya ga mutum ya sunkuya ya ɗauka dutse zai ɗauko. Saboda haka tsugunawa yake yi a hankali, kamar mai gaishe da suruki. Ya ajiye, ya ƙwanƙwasa bakin kaskon da ƙotar fartanya don ta san abinci ya iso, ya juya baya, ya tafi can ƙarshen gona ya kama aikinsa. Ba ya kiranta. Ba ya waiwaye. Yakan ce, wanda aka saba jifa, ido ma dutse ne a wurinsa.

Da fari hankaki ne suke cinye ƙanzon. Tsohon bai fasa ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Sai ya fara iske kaskon a lashe tas, da sawun ƙafarta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Lokacin noman fari, takan fito ta ci yana can nesa, ta ciza ta waiga, ta ciza ta waiga. Shi kuwa kullum yakan matso da kaskon kaɗan wajen bukkarsa, kaɗan ƙwarai, yadda ba za ta lura ba.

Ba kullum abin yake ci gaba ba. Ran nan atishawa ta kubce masa tana cikin ci, ta watsar da kaskon ta gudu, ba a sake ganinta ba sai da aka kwana biyu. Ɗan ya ce, “Ina baƙuwar taka, Baba? Ko ta tafi ba sallama?”

Tsohon ya ce, “Za ta dawo. Ba ni ta guda ba, abin da ta tuna ta guda.”

Ya mai da kaskon inda ya fara ajiye shi, ya sake daga farko.

Aka yi maimai, aka yi huɗa. Ta fara kwanciya a gindin tsamiya tana kallonsa yana aiki. Gashin bayanta ya fara tsirowa. Ranar da dawa ta fara fitar da kai, tsohon yana zaune a ƙofar bukka, bayansa yana wajen kaskon kamar kullum, sai ya ji wani abu mai sanyi ya taɓa masa diddige. Hancinta ne. Bai juya ba. Bai motsa ba. Ya zauna kamar gungume, hawaye na bin gemunsa, har ta gama shinshina shi ta kwanta a bayansa.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. Ta bar shi ya sa mata hannu a ka. Ta bar shi ya cire mata kaska, ya shafa mata man kaɗanya a inda ƙazuwa ta ci. Kowace safiya takan jira shi a bakin rafi, ta wuce gaba, ya bi ta ta siririyar hanyar da ta ratsa cikin duwatsu. Amma ba ta taɓa ƙetare rafin zuwa gari ba, ba ta kuma yarda da kowa ba sai shi. Ko ɗansa ta hango, sai ta hau dutse.

Wata safiya suna tafe, sai ta tsaya cik, ta gitta a gabansa, ta yi ta haushi. Shi ne karo na fari da ya ji muryarta. Ya tsaya, ya ƙura idanunsa masu yana, da ƙyar ya gane kububuwa ce kwance a tsakiyar hanya, launinta ɗaya da ƙasa. Da ya ƙara taku, da ya taka ta. Ya dawo gida ya ce wa ɗansa, “Na ba ta ƙanzo, ta ba ni idanu.”

Ɗan bai ji wannan ba. Abin da ya gani daban ne. Ya ga yadda take korar birai daga gona, ya ga ta taɓa cafke zomo a guje. Ya ce a ransa, duk garin nan babu kare mai gudunta.

Kaka ta yi, aka yi girbi, aka kai dawa rumbu. Aka yi shelar babbar farauta, wadda samarin garuruwa suke haɗuwa, kowa da karensa da gorarsa. Ɗan tsohon ba shi da kare. Abokansa suka sa shi gaba a dandali.

“Kai da me za ka? Da zakaran gidanku?”

“Ku bar shi, shi zai riƙe mana ruwan sha.”

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da tsohon. Ya kira ɗansa, ya ce, “Ɗana, ka kai wa baƙuwata abinci. Ka ajiye, ka ƙwanƙwasa, ka juya baya, ka taho. Kada ka kira ta, kada ka dube ta.”

Ya ce, “To, Baba.”

Ya je da igiya a aljihu. Ya ajiye, ya ƙwanƙwasa, ya juya baya. Ba ta fito ba. Ya koma ya gaya wa babban abokinsa. Abokin ya yi tsaki, ya ce, “Kai ma dai! Kare da hanci yake gani. Ka sa rigar noman tsohon, wadda ta sha guminsa, ka ɗora malafarsa, ka yi tafiyar tsofaffi. In ta shigo hannu, mu yi mata abin da ake yi wa karen farauta. A datse kunnuwa don kada naman daji ya sami abin kamawa, a ba ta barkono da albarushi don zuciyarta ta yi zafi. Kafin tsohon ya tashi ta zama taka. Me zai ce? Ai kai ne magajinsa.”

Kashegari da hantsi, tsohon yana barci, ɗan ya zare rigar daga jikin ƙusa, ya ɗauki malafar. Abokan suka riga shi zuwa, suka laɓe a cikin kufan. Ya iso yana ɗingishi irin na ubansa. Ya tsuguna a hankali irin na ubansa. Ya ƙwanƙwasa kaskon da ƙotar fartanyar ubansa, ya juya baya, ya zauna.

Ta fito. Ba a ɓoye ta fito ba, da gudu ta fito, tana kaɗa wutsiya, tana ɗan kuka na murna, gama ta yi kewarsa. Ko kaskon ba ta duba ba. Ta zo ta sa hancinta a diddigensa.

Ya juyo ya zarga mata igiya a wuya.

Igiyar roba ce, irin wadda ruwa ba ya ruɓar da ita. Abokan suka fito da ihu, suka danne ta. Wani ya ɓare mata baki ya cusa barkono da albarushi. Wani ya sa wuƙa ya datse kunne ɗaya. Ta yi wata ƙara irin ta ɗan Adam. Ta kai cizo ta yage gefen rigar. Mai wuƙar ya kai wa kunne na biyu, tana fizge-fizge, wuƙar ta kauce ta yanke igiyar. Ta kubce ta hau dutse, jini na zuba, zargen yana nan a wuyanta, ya ɗaure tam.

Samarin suka yi dariya, suka ce ta yi asara. Ɗan ya koma gida ya mai da riga da malafa inda suke. Ya je farauta ba kare, ya dawo hannu wofi.

Da tsohon ya sami sauƙi, ya sa rigarsa, ya ɗora malafarsa, ya ɗauki kasko. A bakin rafi ba ta nan. Ya lallaba ya isa gona, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa, ya juya baya. Shiru. Ya sake ƙwanƙwasawa. Sai ya ji motsi a kan dutse. A karo na fari ya karya dokarsa, ya ɗaga kai ya duba. Ya ga inuwarta. Da ta ga malafar ta juyo wajenta, sai ta yi wani kuka shaƙaƙƙe, ta ruga.

Ya zauna yana mamaki. Hannunsa ya sauka a gefen rigar, ya ji yagewa. Ya shafa, ya ji sawun haƙora.

Ya dawo gida, ya iske ɗansa yana gyaran gora a tsakar gida.

“Wa ya sa rigata?”

Ɗan ya ci gaba da gyaran gorarsa.

“Da kai nake. Wa ya sa rigata?”

“Baba, kare ne fa. Kare! Duk garin nan haka ake yi wa karnuka, ba wanda ya mutu.”

“Da rigarka ka sa, da na ce ƙuruciya ce. Da ka bi ta da gora, da ta san kai ne, ta guje ka, ta dawo wurina. Amma tawa ka sa. Mutum ɗaya ta yarda da shi a duniya, shi ka ɗauka ka yi mata tarko da shi.”

“Sai in nemo maka wani ɗan kwikwiyo.”

Tsohon ya juya. Ya cire rigar da malafar ya jefa su a murhu.

Ya sake daga farko. Ya sami sabon kasko. Ya daina ƙwanƙwasawa. Ya mai da abincin can cikin kufai inda ya fara ajiyewa. Hankaki suka cinye. Yakan ce, “Riga na ƙone ta. Warin jikina fa, yaya zan yi da shi?”

Wata mata mai itace ta zo ta ce masa, “Baba, na ga karyarka a kan dutse. Igiyar ta shige cikin nama, wuyan ya kumbura, ƙudaje na binta. In ba a kwance ba, ba za ta kai ko'ina ba.”

Ɗan yana jin haka, abin ya fara cinsa. Amma dabara ɗaya ya sani. Ya tara abokansa, suka kewaye dutsen da ihu da gorori, wai za su kama ta su kwance igiyar. Ba su kama ta ba. Sai dai suka ƙara kora ta can sama, inda duwatsu suka yi tsauri, inda ciyawa ta bushe ta rufe hanya.

Kun ga inda abin ya tsaya? Hannu ne kaɗai zai kwance igiyar nan. Hannu ne kuma abin da aka koya mata ta fi tsoro.

Ran nan da rana tsaka tsohon ya sa ƙaramar wuƙa da ƙanzo a aljihu, ya kama hanyar dutsen. Bai ɗauki sanda ba, don kada ta gani ta gudu. Babu kuma mai wuce masa gaba. Ɗan ya dawo bai same shi ba, ya bi sawunsa da gudu. Daga ƙasa ya hango ubansa yana hawa, yana lalube da hannu, yana cewa, “Baƙuwata, ni ne. Ni ne na gaske.” Ya hango karyar a tsaye a kan wani falalen dutse, ta zuba wa ƙafafun tsohon ido. Gashin bayanta ya tashi. Tana buɗe baki, tana rufewa, tana buɗewa, jikinta duka na girgiza. Haushi take yi. Ta ga abin da ke cikin ciyawa, haushi take yi da iyakar ƙarfinta. Amma igiyar ta shaƙe ta, murya ba ta fita.

Tsohon ya taka kububuwa.

Ɗan ya goyo shi, yana gudu yana kuka. Kafin su kai rafi ƙafar ta kumbura, jini ya fara fita ta hancinsa. Ya ce a sauke shi. Ɗan ya kwantar da shi a kan yashi, yana cewa, “Baba, ka yafe mini. Baba, ka yafe mini.”

Tsohon ya ce, “Na yafe. Amma igiyarka tana wuyanta har yanzu.”

A nan rai ya yi halinsa.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, in kuna da kunnen ji.

Karyar nan ita ce duk wani rai da mutane suka jefa har ya daina yarda da kowa. Kada ku ɓata fuska wai na kwatanta mutum da kare. Ku kuka fara mai da shi abin farauta. Suna nan kewaye da mu. Habila ne. Gwauruwar nan ce da ba ta ɗaga kai in an gaishe ta. Yaron da ake duka a gida ne, wanda in ka miƙa masa hannu sai ya kare fuskarsa. Kuna ce musu masu taurin kai, masu girman kai. Ba girman kai ba ne, tsoro ne.

Tsohon shi ne bawan Allah mai haƙuri, irin Baba Yunana, wanda ya koyi hali daga Ubanmu na Sama. Ku duba yadda Ubangiji yake yi da mu. Yana aiko da ruwa, yana aiko da abinci, yana jira. Wa ya taɓa jawowa da igiya a cikinku? Shi mai iko duka bai yi ba, sai ku da kuka fara gemu jiya?

Riga da malafa su ne suna mai kyau. Sunan Allah, sunan addu'a, sunan dattijon da ya yi shekaru yana gina amana. Wanda ya cuci mutum da fuskarsa ta kansa ya yi zunubi. Amma wanda ya ari sunan Allah ya yi tarko da shi, ya rufe wa mutum ƙofa ɗaya da ta rage masa. Yanzu in Habila ya ji an ce “zo mu yi addu'a”, me zai tuna? In ya ji ƙararrawar safiyar Lahadi, me zai tuna? Ƙwanƙwasa kasko ke nan, kun lalata shi.

Igiyar kuwa ita ce kunyar da kuka rataya masa. Hoton nan ya riga ya zaga wayoyi, har 'yan garin gaba sun gani. Ko kun goge naku, na wasu fa? Kullum tana ƙara shiga cikin nama. Kuma ku lura, ba wanda aka ɗaure kaɗai igiya take kashewa ba. Tsohon da bai yi laifin kome ba, shi ya fara tafiya. Ku je ku dubi fuskar Baba Yunana, ku gani ko ƙarya nake yi.

Na ji kun shirya za ku ɗunguma gidan Habila da ganga da waƙa, wai neman gafara. Kada ku kuskura. Wannan shi ne kewaye dutse da gorori. Ba don shi za ku ba, don ku ji sanyi a ranku za ku. In da gaske kuke, kowa ya tafi shi kaɗai, ba waya a hannu. Katangarsa ta faɗi, ku gyara. Gonarsa tana son noma, ku nome. Ku yi, ku juya baya, ku tafi. Kada ku jira godiya, kada ku ce masa zo sujada, kada ku gaya wa kowa.

Ba zan kuwa ruɗe ku ba. Ban ce zai dawo ba. Mai yiwuwa ku yi ta yi har ku yi furfura, ya mutu yana ratse hanya in ya hango ku. Allah yana gafarta zunubi, na gaskata, in ba haka ba da ban tsaya a nan ba. Amma gafara ba ta mai da kunnen da aka datse. Tsohon ya ce na yafe, bai kuwa tashi daga kan yashin nan ba.

Damaris, share hawayenki, ban gama ba. Ba ku tambaye ni abin da ya sami ɗan ba.

Bayan an binne uban, ya ɗauki kasko ya tafi gona. Ya jingine sanda a bakin hanya. Ya tsuguna a hankali, ya ajiye, ya juya baya, bai waiwaya ba. Duk abin da ubansa yake yi ya iya shi sarai, ai ya taɓa kwaikwayonsa. Yanzu da zuciya ɗaya yake yi. Ya kai ƙanzo, ya kai tuwo, har nama ya kai. Ba ta taɓa ba. Wata safiya ya ga ungulu suna shawagi a kan kufai. Ya iske ta kwance a gindin tsamiya, inda takan kwanta tana kallon tsohon yana noma, ga kasko cike da abinci a gabanta. A ranar ce hannunsa ya kai wuyanta. Ya kwance igiyar, babu sauran amfani.

Bai sake zuwa farauta ba. Abokan da suka zuga shi suka ce su ba ruwansu, ai ba ubansu ba ne. Birai suka sami gonar ba mai korarsu. Ya sayi kwikwiyo, ya kasa sa masa hannu a wuya, ya bayar.

Yanar ido kuwa gado ce a gidansu. Da ya manyanta ta zo masa kamar yadda ta zo wa ubansa. Wata safiya ya isa bakin rafi, ya dubi siririyar hanyar nan da ta ratsa cikin duwatsu, ya ga ba ya bambanta igiya da maciji, ba ya bambanta ƙasa da abin da ke kwance a kanta. Ya tsaya yana jira, bai san abin da yake jira ba. Babu mai wuce masa gaba. Ya juya ya koma gida, bai ƙara ƙetare rafin ba. Gonar ubansa ta koma daji.

Haka ya ƙare, makaho a ƙofar gida, yana cin abin da maƙwabta suka rage. Kullum yakan raba ƙanzonsa biyu, ya zuba rabi a kasko, ya ƙwanƙwasa, ya juya baya, ya zauna yana jiran abu mai sanyi ya taɓa masa diddige. Har ya mutu, hankaki ne suke ci.